Fuskar Isiya a Gindin Benen Gilas

Ku samarin da ke zaman rumfar cajin waya a bakin tasha, da ku nake. Kullum na zo wucewa sai ɗayanku ya ɗaga waya ya ce, "Baba Tsaya-Haka, zo mu ɗauke ka," sauran su kwashe da dariya. Na ji har kuna cewa sana'ar da na ci abinci da ita tun ina saurayi ba ta wuce danna yatsa ba. To, yau na zauna zan rubuta muku. Ku yi haƙuri da rubutun, bokona bai yi nisa ba. Ina aji uku malam ya aike ni sayo masa goro, har yau ban kai masa ba.

Sunana Ɗan'azumi, mutumin Ƙafin Maiyaki. Tsaya-Haka ya bi ni ne saboda ita ce kalmar da na fi faɗa a duniya, ta fi salati yawa a bakina, Allah Ya yafe mini. Labarin da zan ba ku na hoto ɗaya ne, hoton wani lebura mai suna Isiya, wanda mutanen gidansu suka yi shekaru suna neman fuskarsa a wurina. Amma ba za ku gane abin da ya sa fuskar ta yi wuyar samu ba sai kun san yadda ake aikin.

A Riruwai na koya, lokacin da kuza take da daraja, gari cike da baƙi, kowane yare ka nema za ka ji shi a layin masu abinci. Ubangidana wani Bayarabe ne, Oga Fatai, gajere mai ƙaton ciki, wanda ya fi ni iya zagi da Hausa. Na daɗe a wurinsa ban taɓa kyamara ba. Aikina ɗebo ruwa, share shago, sai tsayawa a ɗakin duhu ina kaɗa kati cikin ruwan magani har fuskar mutum ta taso a hankali. Warin maganin nan ya kama hannuna har uwata ta hana ni cin tuwo kwano ɗaya da ƙannena. Ranar da ya fara miƙo mini kyamara, wani mahaƙin kuza na ɗauka, ya sha wanka ya kafa hula. Da aka wanke hoton, hular da rabin goshin babu su. Mutumin ya juya katin, ya leƙa bayansa, ya ce, "Yaro, ina ka kai mini kai?" Oga Fatai kuwa silifas ɗinsa ya cire.

Abin da ya fi kawo ciniki a shagon nan ba kyamara ba ce, labule ne. Muna da guda biyu da ake ratayawa a bayan mutum. Ɗaya an zana masa furanni da tafki, ba mai kula shi. Ɗayan an zana dogon bene mai tagogi barkatai, jirgin sama a kansa, jar mota a gindinsa. Ina zaton mai zanen bai taɓa ganin bene ba, domin ƙofar shiga a hawa na biyu ya sa ta. Amma manomi, mahaƙi, saurayin Fulani da sandarsa da rediyonsa, kowa ya shigo sai ya ce, "A sa mini benen." Oga Fatai yakan ce da ni, "Kai, ɗan ƙauye, buɗe ido. Tafki suna da shi a gida. Ba mai biyan kuɗi ya tsaya gaban abin da yake da shi."

Da kuza ta faɗi, Oga ya tattara ya koma garinsu, ya bar mini labulen benen da tsohuwar kyamara baƙa wadda na ɗaure igiyarta da robar tayar keke. Na shiga bin kasuwanni: yau Bebeji, gobe Kiru, jibi Tudun Wada, lokacin kakar masara in gangara Doguwa. In kafa sanduna biyu a gefen 'yan rake, in rataya benena, iska tana kaɗa shi yana rawa. Hoton launi ya shigo, na daina wankewa da kaina, sai in tara fim in kai Kano a wanke, in dawo in raba wa masu shi ranar kasuwa mai zuwa. Ku da kuke danna ɗari ku goge casa'in da tara, ku sani fim ɗina talatin da shida yake ci, kuma babu gogewa. In mutum ya ƙifta ido, ya ƙifta ke nan har abada.

Wata rana a kasuwar Tudun Wada wani ɗan ci-rani da ya dawo daga Abuja ya tsaya gaban labulena ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Tsaya-Haka, wannan bene ne ko rumbun da ya sha ruwa? Mu muke gina na gaskiya. Mutanenmu sun cika can, kowa yana so a gan shi a gida. Ka zo ka ɗauke mu." Maganar ta kwana a raina. Rani na kamawa na naɗe labule na tura ƙarƙashin gado, na hau motar Abuja.

A bayan gari na same su, cikin ɗakunan kwano da buhu: 'yan Kiru, 'yan Bebeji, 'yan ƙauyukan Doguwa. Wasu leburori, wasu 'yan ga-ruwa, wasu masu yankan farce. Ranar Lahadi ba a aikin gini, tituna ba motoci, masu gadi suna gyangyaɗi, ita ce ranar cinikina. Kayan aikina kyamara, filasha, da wata jaka. A cikin jakar akwai kaftanin shadda shuɗi guda ɗaya, hula, agogon hannu da ya daɗe da mutuwa, da jakar hannu irin ta ma'aikatan ofis wadda nake ajiye garin kwaki da ƙuli a ciki. Kowa ya zo sai ya tuɓe rigar siminti a bayan shuke-shuke, ya zura kaftani, ya riƙe jaka, ya ɗaga hannun riga don agogo ya fito. In danna, ya tuɓe ya ba na bayansa tun da ɗuminsa. Bayan nan in wanke hotunan, in bi ƙauyuka in kai wa iyalansu hannu da hannu, tare da gaisuwa da ɗan saƙon da aka ba ni. Asirina ya tonu a wani gidan suna a Kiru, inda mata suka fito da hotunan mazajensu ana gasa. Wata tsohuwa ta jera su a tabarma ta ce, "Ikon Allah! A Abujar nan tela ɗaya ne, kuma agogon kowa ƙarfe ɗaya yake nunawa?" Duk da haka ba wadda ta cire nata daga bango.

Benen farko da na ɗauka a can ya koya mini cewa ban iya komai ba. Na tsaya a gindinsa na ɗaga kan kyamara sama yadda kuke yi da waya. Da aka wanke, ga bene ya tsuke a sama yana shirin kifewa ta baya. Wanda na ɗauka ya ce ba zai aika gida ba, kada uwarsa ta ce gini zai faɗo masa. Daga nan na gane bene ba a ɗaga masa kai. Ja da baya ake yi. Ka tsallake titi, ka tsallake na biyu, ka riƙe kyamara a miƙe har ginin ya shigo da kansa. Sau da yawa inda ya dace in tsaya cikin kwata ne. Na shiga kwatocin Abuja fiye da ɓerayenta.

Sai kuma gilas. Waɗannan gine-ginen ba bulo da fenti ba ne irin namu, gilas ne tun daga ƙasa har sama, wani shuɗi, wani ruwan zuma, wani a lanƙwashe kamar an murɗa shi da hannu. In rana ta yi sama, sai ya watso maka wuta, hoto ya fito fari fat. Sai da sanyin safiya, ko bayan la'asar, ko ranar da hadari ya haɗu. Kuma gilas ɗan tonon asiri ne, duk abin da ke gabansa sai ya nuna. Akwai ranar da na ɗauki wani ɗan Bebeji, ya yi kyau ƙwarai cikin kaftani. Da aka wanke, a jikin gilas ɗin bayansa ga ni nan kwance rub da ciki kamar ƙadangare, ga layin leburori da singileti suna jiran riga, ɗaya ma yana sosa ciki. Wannan hoton ni na biya kuɗin wankinsa.

Masu gadi ma darasi ne. Wani ka ba shi goro ya juya baya. Wani sai ka ce masa ranka ya daɗe sau uku. Wani kuma ba ya jin Hausa ba ya jin goro, sai gudu, kuma gudu da kaftani a jikin wani ba daɗi, domin rigarka ce take tsere maka.

Amma babbar matsalar aikin ita ce girma. Mutum ƙarami ne, bene babba. In ka matso don fuska ta fito, bene ya zama bango kawai. In ka ja baya don bene ya shigo duka, mutum ya koma ƙwayar gero. Dabarar da na gano ita ce in janyo mutumin daga jikin ginin, in tsayar da shi kusa da ni a wannan tsallaken titin, benen yana can nesa a bayansa. Sai fuska ta fito, bene ya fito. Kowa ya yarda da wannan dabara, in ban da Isiya.

Isiya ɗan wani ƙauye ne a bayan Tudun Wada. Lebura ne, mai ɗaukar kwanon siminti a ka. Wata Lahadi bayan ruwan farko ya ja mu zuwa wani bene da aka kusa gamawa, gilas shuɗi, samansa a karkace kamar an yanke shi da wuƙa. Ya ce tun daga tushe yake aiki a nan. Yana ta barin mutane suna shiga gabansa a layi, har na duba kyamara na ga saura ɗauka ɗaya a fim, kuma ba ni da wani a jaka. Na miƙa masa kaftani, ya ce in bar shi, jar rigarsa ta isa.

Na ce, "To zo nan kusa da ni."

Ya ce, "A'a. Can zan tsaya."

"Can ina?"

"Jikin ginin. In dafa shi da hannu."

"Kai, Isiya, in ka je can ba za a gan ka ba. Ƙuda ma zai fi ka girma."

"In na tsaya nan, Baba zai ce labulenka ne ka rataya. Duk ƙauyenmu an san halinka."

Leburori suka fashe da dariya, ni ma na yi, domin gaskiya ya faɗa. Na ce, "Saura ɗaya fa. Ko dai kai, ko dai bene."

Ya ce, "Fuskata sun san ta a gida, Tsaya-Haka. Ginin ne ba su sani ba. Ka ɗauke shi duka har sama, kada ka yanke masa kai irin na mutumin Riruwai."

Ni na ba su wannan labarin da bakina, ga shi ya dawo mini. Ya tsallaka titi, ya je ya dafa bango. Ni kuma na ja baya, na ƙara ja, na sauka cikin kwata, ruwan jiya har idon sawu. Hadari yana tasowa ta gabas, gizagizai sun kwanta a jikin gilas ɗin tun daga ƙasa har sama. Na jira wata mota ta wuce. Na ɗaga hannu, na danna. A duk rayuwata ban taɓa ɗaukar bene da ya miƙe ya yi kyau irin wannan ba. Mai wankin hoto a Kano da kansa ya tambaye ni wa ya ɗauka, da na ce ni ne ya dube ni tun daga hula har silifas. A can ƙasa, gefen hagu, akwai ɗigon ja. Isiya ke nan.

Na kai hoton ƙauyensu da kaina. Mahaifinsa, Malam Idi, dattijo ne manomin shinkafa. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran fartanya. Bayan mun gaisa ya goge hannu a riga ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Ina yaron?" Na nuna masa ɗigon. Ya kai katin kusa da ido, ya nisanta shi, ya ce, "To. Shi ne kuwa, ga jar rigarsa." Sai ya sa yatsa yana ƙirga hawan benen daga ƙasa. Ya kai tsakiya ya rikice, ya sake. Ya kira maƙwabta, kowa ya ƙirga, kowa da nasa lissafin. Ya ce, "Duk wannan da ka ya hau da siminti?" Na ce ƙwarai. Sai ya sa aka kama mini zakara. Matar Isiya tana ciki ba ta fito ba, an ce mini tana da juna biyu. Sai aka shigar mata da hoton, na jiyo mata suna ta salati.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekarata. Aka rushe ɗakunan bayan gari, mutanena suka watse, wasu suka dawo gida, wasu ban sake jin ɗuriyarsu ba. Gari ya ɗauki tsoro, duk wanda aka gani yana auna gini da kyamara sai a ce leƙen asiri yake yi. Wata Lahadi wasu masu kaki suka ritsa ni cikin kwata. Suka buɗe bayan kyamara suka zaro fim a rana, aikin mutum talatin ya ƙone ina kallo. Suka sa ni tsallen kwaɗo a bakin titi da furfurata da ta fara fitowa, suka buɗe jakar ofis suna neman abin laifi, suka tarar da garin kwaki. Ɗayansu ya ɗebi ƙulin. Kyamarar ta dawo hannuna da tsagaggen ido. Na komo gida a bayan motar rake. Damina ta sauka da ƙarfi, rufin ɗakina ya yi yoyo daidai kan gwangwanin da nake adana nagatif, wato baƙin fim ɗin da ake sake wanko hoto daga jikinsa. Ban lura ba sai bayan kaka. Da na buɗe, sun manne sun zama curi ɗaya mai wari. Aikin shekaru, na kai shi juji da hannuna.

Cikin wannan hali Malam Idi ya same ni a kasuwar Tudun Wada, na koma kafa tsohon labulena. Ya rame ƙwarai. Ya yi sallama, muka gaisa, ya tsuguna a gefen sandar labule. Ya ce Isiya ya rasu. Katakon da suke hawa ne ya karye da shi a wani ginin daban. Abokan aikinsa suka yi masa sutura a can, sai labari da jakar kayansa suka zo gida. Na yi masa ta'aziyya. Sai ya zaro hoton daga aljihu, a naɗe cikin leda.

Ya ce, "Malam mai hoto, matarsa ta haihu, mace. Ba ta gan shi ba, bai gan ta ba. Wannan ne kaɗai hotonsa a duniya. An ce kuna iya ƙara wa abu girma. Ka cire mini ginin, ka fito mini da yaron."

Na ce, "Baba, da fim ɗin yana nan da an gwada. Ruwa ya cinye shi."

"To a gwada da wannan ɗin."

Na karɓa na tafi Kano. Ni da mai wankin hoto muka ɗora katin a tebur, muka sake ɗaukarsa da kyamara mai kusanto abu, muka ƙara masa girma, muka sake ƙarawa. Kowane ƙari sai ɗigon ya ƙara faɗi ya ƙara dushewa. A ƙarshe muka sami jan tabo da baƙin tabo a kansa, kamar an ɗiga manja da tawada a takarda. Mai wankin ya ce, "Abin da bai shiga fim ba, ba ya fita daga kati." Na kai wa Malam Idi duka biyun. Ya daɗe yana duban tabon, sannan ya miƙo mini shi ya ce in riƙe, ya mayar da na benen cikin ledarsa. Ya ce, "Allah Ya saka da alheri, ka yi ƙoƙari." Wannan karon ba a kama zakara ba, ni ma ban tsaya shan ruwa ba.

Daga nan sana'a ta yi ta zamewa. Waya mai kyamara ta shigo, 'yan ci-rani suka koma ɗaukar kansu da kansu. Kaftanin shuɗi na sa shi Sallah biyu, sannan ya zama tsumman goge babur. Labulen bene yanzu shi ne rufin akurkin kajin matata, kaji suna kwana a hawa na biyu. Na sayar da masarar shekara guda na sayi ɗan injin buga hoto, na kama wannan lungun da kuke gani kusa da mai faci, ina yi wa 'yan makaranta fasfo. Fuska zalla, farin kyalle a baya. Wanda ya ɗauki benayen Abuja, yau aikinsa ya ce wa yaro ya rufe baki ya share majina.

A bara, bayan kaka, wata mata ta yi sallama a ƙofar lungun da hantsi, da goyo a bayanta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi iyali, ta tambayi jiki. Ta ce sunanta Rabi, 'yar Isiya, aure ya kawo ta Kiru. Kakanta Malam Idi ya daɗe da rasuwa, mahaifiyarta ma ta bi shi. Ta kwance bakin zane ta fito da leda. Hoton ya koɗe, shuɗin ya koma ruwan toka, kuma gefe ɗaya na benen ya goge tun daga ƙasa har sama, daidai inda yatsan tsoho yake bi.

Sai ta fito da waya. Ta ce ƙanin mijinta ya ɗauki hoton ya sa a wata manhaja da ke gyara tsofaffin hotuna. Ta miƙo mini. Ga mutum nan cike da fuskar waya, saurayi kyakkyawa, fata sumul, ɗan gemu a gyare, idanu farare, yana ɗan murmushi. Jar rigar ma ta sami kwala da maɓallai.

Ta ce, "Baba, shi ne?"

Na ce, "Me 'yan'uwansa suka ce?"

"Baffana babba ya ce hancin nasa ne. Ƙaramin ya ce ko kusa, wai babana ya fi haka baƙi. Goggo tana gani ta fashe da kuka, amma ita idonta ya mutu, ko ni ba ta ganewa sai na yi magana. Suka ce in zo wurinka, kai ka tsaya gabansa ka dube shi."

Na sa tabarau na duba. Na cire na sake dubawa. Ku da kuke cewa aikin danna yatsa ne, ga abin da ban taɓa gaya wa kowa a tasha ba: mai hoto ido ɗaya yake rufewa, ɗayan kuma yana kan abin da aka biya shi ya ɗauka. Na tuna gizagizan da ke jikin gilas. Na tuna karkacewar saman ginin, da motar da na jira ta wuce, da sanyin ruwan kwata a ƙafata. Muryar Isiya ma tana kunnena, da dariyar da aka yi mini. Fuskarsa kuwa, na lalube kaina kaf, babu. Mutum ɗari nawa suka zura kaftanin nan suka tuɓe a gabana.

Ƙarya ba baƙuwata ba ce, da ita na ciyar da gida. Kalma biyu ce, in ce shi ne, ta tashi ta tafi da farin ciki. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "'Yata, wallahi ban sani ba. Ni benen nake kallo. Kuma wannan fuskar ba daga cikin katin aka ciro ta ba, babu abin cirowa, ni da kakanki mun gwada tun kina cikin tsumma. Wayar ce ta ga ɗigo ta ƙera masa mutum."

Yaron da ke bayanta ya farka yana mutsu-mutsu, ta kwanto shi ta ɗora a cinya. Ya kai hannu zai warce wayar, ta janye. Mai faci yana ta buga ƙarfe a gefe. Ta daɗe tana duban tsohon katin, ta daɗe tana duban wayar.

Ta ce, "Na yi zaton haka, Baba."

"To ki yi haƙuri."

"Ni na girma ana nuna mini bango ana cewa ga babanki. Wannan yaron zai yi baki, zai tambaye ni kakansa. Ba zan nuna masa bango ba." Ta turo wayar gabana. "Buga mini shi."

"Ko da ba shi ba ne?"

"Buga mini."

"Wane girma?"

"Babba. Wanda za a sa a gilas a rataya."

"A bar ɗan gefen ginin a bayansa?"

"Cire shi duka."

Na jona waya da inji, na sa kati mafi girma da nake da shi. Injin ya yi ƙugi, ya fara turo hoton a hankali, gashi, goshi, idanu, gemu. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya shi wajen yaron ta ce, "Ga kakanka. Gaishe shi." Yaron ya zaro yatsa daga baki, jage-jage da yawu, ya miƙa wajen fuskar.

Na ce, "Riƙe masa hannu. Bai bushe ba."